Man Shanun Iya da Dokar Motsi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai garar Auta ba, ko da kuwa na so in manta, domin matan gidan mijina sun ɗaukar wa kansu aikin tuna mini. Ko a suna muka haɗu ko a biki, da zarar an buɗe kwanon abinci ƙanshin man shanu ya tashi, sai in ga idanu suna juyowa kaina ɗaya bayan ɗaya, wata ta rufe baki da mayafi kafaɗunta suna rawa. Na daina jin haushi tuntuni. Yanzu ma ni nake fara dariyar don a gama da wuri a ci abinci.

Ni malamar Fiziks ce a wata sakandaren 'yan mata a nan Haɗejiya. Aikina kullum shi ne in tsaya gaban allo in bayyana wa yara abin da yake sa abu ya motsa da abin da yake sa shi ya tsaya. Ina son darasin nan har cikin raina, kuma (gara in faɗi gaskiya tun da wuri) ina son a san cewa na iya shi. Idan na rubuta F = ma, na juyo na ce musu ƙarfin da aka sa wa abu daidai yake da nauyinsa sau ƙaruwar gudunsa, ji nake kamar a ɗakina aka ƙirƙiro lissafin. Sai kuma dokar motsi ta farko, wadda nake sa su maimaitawa har su haddace: abin da yake tsaye so yake ya ci gaba da tsayuwarsa, abin da yake tafiya so yake ya ci gaba da tafiyarsa, har sai wani ƙarfi ya tilasta masa. Misalin da nake bayarwa guda ɗaya ne kowace shekara, wato idan direba ya taka birki, fasinja gaba yake yi. Ku riƙe wannan misalin, domin shi ya kai ni ya baro.

Surukata, wadda kowa yake kira Iya, mace ce mai fara'a kuma mai faɗa. Kakanninta daga gabas suka zo, ta wajen tafkin Chadi, kuma har yau idan ranta ya ɓaci sosai, da Hausa take fara faɗa ta ƙarasa shi da Barbarci. Babu wanda bai sha wannan faɗan ba a gidan: 'ya'yanta, jikokinta, masu kawo tallan nono, har da akuyar maƙwabta. Ni kaɗai ce ban taɓa sha ba. Tun da aka kawo ni, Malama take kirana, kuma da murya mai laushi. In na ɗauki tsintsiya sai a karɓe. In na nufi madafa sai ta ce hayaƙi zai ɓata mini ido, da me zan duba takardun yara. Kowa yana baje a tabarma ana tsintar shinkafa ana hira, ni kuwa a jawo mini farar kujerar roba a ajiye a gefe, in zauna sama da kowa ina murmushi kamar wadda ta zo duba makaranta.

Abin yana damuna ƙwarai. Faccalata Rabi, matar wan mijina, ba ta wuni ba tare da Iya ta yi mata tas ba, a kan gishiri ko a kan wanki ko a kan ba komai, amma da yamma za ka same su kai da kai suna ƙus-ƙus suna dariya. Kishin faɗan nan nake yi. Na taɓa gaya wa maigidana, ya dube ni ya ce shi bai taɓa ganin wanda ake girmamawa yana kai ƙara ba. Bai gane ba. Ni dai na san baƙo ake yi wa irin abin da ake yi mini, kuma na gaji da zama baƙuwa a gidan da zan ƙare rayuwata. Sai na ƙudurta a raina cewa duk ranar da na sami dama, zan yi wani abu mai amfani da zai sa a san ni ma ta gida ce.

Damar ta zo bayan bikin Auta, ƙanwar mijina, wadda aka kai wani ƙauye ta wajen Miga. Kaka ce, ruwa ya fara ja da baya, an yanke shinkafa, gida ya cika da shirin gara. An tuƙa nakiya, an murza alkaki, an soya dubulan, ni ina kan kujerata (an dai ba ni aikin kore ƙuda, shi ma da ƙyar). Ga buhunan shinkafa daga gonarsu ta fadama, ga bandar kifi, ga daddawa da kuka da kuɓewa. Amma duk wannan a wurin Iya rakiya ce. Abin alfaharinta shi ne man shanu. Tun da damina take aikawa kasuwar garin Malam Madori ana sayo mata ɗanye a wurin matan Fulani, tana soyawa da kanta da albasa, tana tacewa, tana tarawa a wata ƙatuwar langa mai zanen furanni wadda ta ce da ita aka kai tata garar. Rabi ta ba da shawarar a ɗura a galan, Iya ta ce ita ba kananzir za ta kai wa 'yarta ba. So take a buɗe langar a gaban matan dangin ango su ga man a cike, a kwance sumul. Murfin langar kuwa irin na da ne, ɗorawa kawai ake yi.

Ranar tafiya muka yi sammako. An ɗauko motar hayis ta wani Malam Sale da ke unguwarmu, aka cika bayanta da kaya, buhunan da suka rage aka jera su a kujerar da ke bayan direba. A saman buhunan nan aka ɗora langar, domin Iya ta ce kada a ɗora komai a kanta, kuma tana so ta riƙa waiwayowa tana ganinta. Da sanyin safiyar nan man a daskare yake, ko ka karkata langar ba zai motsa ba. Iya ta fito cikin sabon leshi mai ruwan sararin samaniya wanda aka ɗinka musamman don wannan rana, aka buɗe mata gidan gaba, ta hau ta zauna. Wurinta ne, ita ce uwar amarya, kuma gwiwarta tana ciwo.

Ni kuwa ina tsaye ina duban yadda aka yi lodin, sai allon ajina ya bayyana a gabana. Ga langa a sama, ga ƙeyar Iya a gabanta daidai. Direba ya taka birki, me zai faru? Ai ko 'yar aji ɗaya ta sani. Zuciyata ta buga don murna (ba don tsoro ba, Allah Ya yafe mini), domin ga ranar da nake jira ta zo. Na matsa jikin ƙofa na ɗan rusuna.

"Iya, da kun dawo baya kun zauna. Nan wurin akwai haɗari."

Ta tambaye ni haɗarin me, na shiga bayani. Na ce duk abin da yake cikin mota tare yake gudu da motar, in motar ta tsaya farat ɗaya shi bai san an tsaya ba, gaba zai ci gaba da yi. Na nuna langar, na nuna ƙeyarta, na zana hanyar da man zai bi da yatsana a iska. Mata suka kasa kunne suna saurare, abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa har na kawo v = u + at, wanda babu wanda ya tambaye ni.

Gwaggo Fanna ce kawai ba ta karɓa ba. Ita ƙanwar marigayi mijin Iya ce, akwai wasa tsakaninsu, kuma ba ta raga wa kowa. Ta taɓe baki ta ce tun tana budurwa ake kai gara a garin nan, ba ta taɓa jin man shanu ya yi tsalle ya kama mutum ba.

"Ke Fanna, abin da yarinyar nan take koyarwa kenan," in ji Iya. "Ba a banza aka ba ta aji ba. In ta ce akwai haɗari, akwai shi."

Ta dafa kafaɗata ta sauko a hankali saboda gwiwa, ta zagaya ta shiga kujerar da ke bayan buhunan, wurin da na zaɓa mata da kaina a matsayin mafi aminci a duk motar. Kafin ma ta gama zama, Gwaggo Fanna ta haye gidan gaba ta ja ƙofa, ta ce ita ta yarda man ya kashe ta a nan. Ni kuma na karɓi filon da Rabi ta ɗauko don bayanta, na cusa shi tsakanin langar da kujerar gaba, na tokare ta da kyau ta gaba. Ta baya ban sa komai ba, domin a lissafina babu abin da zai kai ta baya.

Tafiya ta yi daɗi da farko. Muka bar kwalta muka gangara fadama, hanya ta zama 'yar siririya tsakanin gonaki. Ko'ina mutane ne suna bugun shinkafa a jikin duro, mata suna sheƙa, balbelu suna bin sawun shanu a inda aka riga aka yanke. Nan da can ruwan da kogi ya bari yana kwance, kachala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta cika bakinsa. Ana hira ana tsokanar Rabi, ni ina gefen Iya, idona a kan langa. Can sai ga garken shanu ya ɓullo daga bayan wata kuka ya tsallaka hanya, Malam Sale ya take birki da ƙarfi. Duka muka yi gaba. Langar ma ta yi gaba, ta nutse cikin filon nan, ta tsaya cak.

Ba zan iya kwatanta muku daɗin da na ji ba. Iya ta tafa hannu ta ce to Fanna kin gani, da yanzu yana wuyanki. Mata suka shiga sa mini albarka, wata ta ce ilimi dai ilimi ne, wata ta ce 'yarta ma Fiziks ɗin za ta karanta. Gwaggo Fanna ba ta ko waiwayo ba. Ni kuwa na sunkuyar da kai irin na mai kunya, alhali a ciki kaina ya kusa taɓa rufin motar. Na fara tsara yadda zan ba ɗalibaina labarin ranar Litinin. Abin da ban lura da shi ba shi ne rana ta ɗaga, motar ta ɗauki zafi, injin hayis kuma a ƙarƙashin kujerun gaba yake, dab da buhunan. Man da muka fito da shi a daskare ya daɗe da zama ruwa.

Mun kusa ƙauyen muka iso wani mashigi inda ruwa bai daɗe da janyewa ba. Sama ya bushe ya tsattsage, ƙasa kuwa taɓo ne, gabansa kuma ɗan hawa. Malam Sale ya shiga da bismilla, ƙafafun baya suka nutse. Ya ba ta wuta, ta yi gurnani ta watsa taɓo, ta ƙara zama. Wasu magidanta da ke bugun shinkafa a kusa suka ajiye aikinsu suka zo, suka yanko kachala suka cusa ƙarƙashin tayoyin, suka tura, motar ta yi kamar za ta fita ta koma. Suka sake, ta sake komawa. Wani yana turawa wani yana hutawa, wani yana ba direba umarni, kowa da nasa.

Da a ce na tsaya a nasarar farko, da yanzu wani labarin ake bayarwa a kaina. Amma wanda aka yaba wa sau ɗaya ba ya iya zama. Na leƙa ta taga na ga aikin ba tsari, na ce a raina wannan ai F = ma ce tsirararta. In kana son abu ya zabura, ka ƙara ƙarfi, ka rage nauyi. Na buɗe ƙofa na sauko, na tattare zanena, na ce duk mata su fito. Suka fito suna tsallake taɓo da takalman biki. Na sa aka sauke buhunan da ke can baya aka jingine a kan busasshiyar ƙasa. Iya kaɗai na ce ta zauna saboda gwiwarta, sai Gwaggo Fanna da ta ce ba ta sauka, ta san in ta tashi wata za ta gaje mata kujera. Sannan na tara magidantan nan, mutanen da ko sunana ba su sani ba, na yi musu darasi: kada kowa ya tura shi kaɗai, a haɗa ƙarfi wuri ɗaya a lokaci ɗaya, shi kuma direba ya taka mai har ƙasa daidai lokacin da na sauke hannuna. Malam Sale ya ce gaskiyar Malama. Suka jeru a bayan mota suka kafa kafaɗu.

Na hau wani ɗan tudu a gefe inda kowa zai gan ni, na ɗaga hannu sama kamar mai ba da hannu a mararraba. Na ƙara ƙarfi, na rage nauyi, saura sakamako. Daga inda nake ina hango cikin motar ta taga. Ga Iya a zaune ita kaɗai a kujerarta, carbi a hannu, tana yi mini murmushi irin na wadda ta yarda da mutum. Ga langa a gabanta, a sama, daidai ƙirjinta. A gefen murfin na ga wani abu rawaya yana ƙyalli yana gangarowa. A daidai wannan lokacin rabin dokar nan na farko, wanda nake sa yara su haddace amma ban taɓa ba shi misali ba, ya faɗo mini a rai: abin da yake tsaye so yake ya ci gaba da tsayuwarsa. Na buɗe baki in ce a dakata. Hannuna ya riga ya sauka.

Lissafina ya yi aiki, wannan kam ba a isa a ƙwace mini ba. Tayoyi suka kama kachala, motar ta yi wata irin zabura ta haye tudun nan, biyu daga cikin masu turawa suka kifa a taɓo. Langar kuwa ta bar filon da na tokare ta da shi, ta taho baya, murfin ya yi nasa wuri, ta juye a kan Iya tun daga wuya har cinya.

Na ruga da gudu, takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo ban ko tsaya ɗauka ba. Na ja ƙofa. Iya tana zaune yadda na bar ta, ta rungume langar da hannu biyu, ta tare ɗan abin da ya rage. Leshin nan mai ruwan sararin samaniya ya koma wata kala da ba ta da suna. Mai yana ɗiga daga haɓarta, yana bin carbin yana sauka ƙwaya bayan ƙwaya. Duk motar ta gauraye da ƙanshi. Mata suka taru a bayana suna salati ƙasa-ƙasa. Nan ne ya kamata in durƙusa in ba da haƙuri in yi shiru. Amma ruɗewa ba ta da hankali, kuma bakin malami ya saba da cike shiru. Sai na ji muryata tana cewa:

"Iya, a gaskiya ba langar ce ta taho ba. Ita tana nan inda take, motar ce ta kawo ku wurinta."

Har yau in na tuna wannan maganar sai na rufe ido. Gwaggo Fanna ta juyo daga gidan gaba, tsaf da ita, ko ɗigo bai taɓa mayafinta ba. Ta dubi Iya sama da ƙasa, ta dube ni.

"To alhamdulillahi," ta ce wa Iya. "Ashe ke ce kika faɗa wa man. Sai ki ba shi haƙuri."

Rabi ce ta fara dariya, ta toshe baki ta juya baya, sai sauran suka biyo, har magidantan da ke goge taɓo a fuska. Iya ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ko "ba komai, Malama" da ta saba ce mini ba ta ce ba. Ta miƙa wa Rabi langar, ta karɓi tsumma ta shiga goge wuyanta. Wannan shirun ya fi komai tsorata ni. Na san watannin da ta yi tana tara man nan, na san ta bar kujerarta a gaban mutane saboda maganata, ta kare ni a gaban Gwaggo. Wadda ta ƙi jin maganata ta tsira, wadda ta yarda da ni ita na yi wa wanka. Na ce a raina shikenan, kujerar robar nan ma sai na roƙa kafin a sake ba ni.

Ba halin komawa gida, ana jiranmu. Aka lulluɓe Iya da babban mayafin Rabi, aka mayar da buhuna, wani ya zaro mini takalmina ya miƙo mini da kara. Sauran tafiyar ba wanda ya nemi shawarata, ni ma ban bayar ba.

A gidan su ango an cika tsakar gida da mata. Aka shimfiɗa tabarmi, aka shigo da kaya ana guɗa, wata dattijuwa daga danginsu ta zauna tana buɗewa ɗaya bayan ɗaya tana nuna wa jama'a. Alkaki ya sha yabo, nakiya ta sha yabo, kifi ma haka. Ni ina can ƙarshen tabarma na ɓoye ƙafar da ta sha taɓo, ina addu'ar a manta da langar. Ba a manta ba. Dattijuwar ta jawo ta, ta yaba zanen furannin, ta ɗaga murfi, ta leƙa. Sai da ta ɗan karkata ta kafin ta ga man a can ƙasa. Ta ɗago ba ta yi guɗa ba, domin ƙatuwar langa da ɗan mai a gindi ba abin da za a yi wa guɗa ba ne, kuma irin wannan ake ɗauka a yi ta yawo da shi a ƙauye, a ce dangin amarya sun kawo kwano ba su kawo mai ba. Na ga Gwaggo Fanna tana gyara zama tana gyaran murya.

Iya ta riga ta. Ta miƙe da gwiwarta mai ciwo, ta yaye mayafin Rabi, ta tsaya a tsakiyar mata tana ƙyalli.

"Sauran ga shi nan a jikina, ku shinshina ku ji ko mai kyau ne," ta ce. Sannan ta nuna ni da baki. "Wannan 'yar tawa ce ta yi mana lissafi a hanya."

Gidan ya kece da dariya. Duk wani ido da ke wurin ya juyo kaina, har yaran da ke kan katanga. Gwaggo Fanna ta karɓi labarin daga nan, ta tashi tsaye ta kwaikwayi yadda na ɗaga hannu a kan tudu, ta maimaita maganar motar da ta kawo Iya wurin langa, sai da aka sa ta sake. Uwar ango ta zo ta kama hannun rigar Iya ta shinshina da gaske, ta ce wallahi wannan suya ta gwanaye ce, ko a jikin leshi ta gane. Auta tana leƙowa ta labule tana share hawayen dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma a cikin wannan kunyar akwai abin da ya tsaya mini a kunne, domin ba ta ce Malama ba.

Washegari da hantsi na tafi wurin Iya, na shirya jawabin ban haƙuri tun a hanya. Na same su a tabarma kamar kullum. Na durƙusa na fara, ban kai ko'ina ba Iya ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da leshin a dunƙule ta jefa shi a bahon da ke gabana.

"Ke, tashi ki ɗora ruwan zafi. Ke kika ɓata, ke za ki wanke."

Na dubi inda ake ajiye mini kujera, babu wanda ya motsa ya ɗauko ta. Na shiga madafa na hura wuta, hayaƙi ya cika mini ido, ba wanda ya tuna da takardun yara. Na zauna a ƙasa na fara cuɗawa, Iya tana tsaye a kaina. Ta ce ba haka ake cuɗa leshi ba, zan yaga mata shi. Ta ce omon ya yi yawa. Ta ce mutum ya yi ta karatu har ya manta mota tana tashi ba tsayawa kaɗai take yi ba. Ta ce watanni tana tsaye a kan wuta, na sa ta shiga gidan surukai ƙuda yana binta. Murya tana ta hawa, tana ta hawa, can sai na ji Hausa ta ƙare, an shiga Barbarci. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Na sunkuyar da kai a kan baho, hawaye yana zubo mini, rabi na hayaƙi rabi na wani daɗi da ban san yadda zan ɓoye shi ba. Rabi ta zo wucewa da tsintsiya, ta dungure ni da gwiwar hannu, ta ce mini a hankali barka da zuwa. Da na tambaye ta daga baya ma'anar abin da Iya ta faɗa, ta ce in bar shi kawai, ita ma shi aka gaya mata a shekararta ta farko.

Tabon bai fita duka ba. Leshin ya zama na zaman gida, kuma duk ranar da Iya ta sa shi sai ta nuna wa baƙi taswirar da ke ƙirjinsa ta ce aikin 'yarta ne mai ilimi. A aji kuwa, yanzu in na zo dokar motsi ta farko kibiya biyu nake zanawa a allo, ɗaya gaba ɗaya baya, in ce wa yara kada su yarda da malamin da yake da misali guda ɗaya tak. Na kuma koyi cewa in lissafinka ya nuna maka wurin da ya fi ko'ina aminci, kai ya kamata ka fara zama a wurin kafin ka kai surukarka.

Da aka tashi kai wata garar bayan nan, ta 'yar Gwaggo Fanna, Iya ta haye gidan gaba ba ta tambayi kowa ba. Da aka kawo langar, ta leƙo ta taga ta ce a ɗora mini ita a cinya, tunda ni na san halinta. Haka na rungume ta har muka isa, ba filo, ba bayani.